Zanko a sama, siminti a jiki: Sabon yayin gina gida irin na da a ƙauyukan Makoɗa

Da zarar an gama girbi, an ɗaure dawa da gero an kai rumbu, an sayar da gyaɗa da riɗi, sai wata kakar ta kama a ƙaramar hukumar Makoɗa da ke arewacin jihar Kano, wato kakar gini.

Daga Koguna, hedikwatar ƙaramar hukumar, zuwa Maitsidau da Wailare da Satame, za ka ga tulin yashi a ƙofar gidaje, ga bulo an jera yana shan rana, ga samari suna turo kurar ruwa zuwa wurin birkiloli. Wani ɗaki zai ƙara saboda auren ɗansa, wani kuwa kuɗin da ya tara a cirani ne yake so ya mayar gida kafin su narke a hannu.

A 'yan shekarun nan wani abu ya fara leƙowa a kan wasu sababbin gine-ginen. Kamar yadda aka saba gani a birnin Kano, inda aka sake gina wasu ƙofofin gari da kankare aka shafe su da fenti mai launin ƙasa, yanzu akwai magidantan da ke cewa a ɗora musu zankwaye a kusurwar gida, a zana musu dagi a saman ƙofa, a yi wa bango fenti ruwan ƙasa. Daga nesa sai ka rantse soron wani hakimi ne na zamanin da. Idan ka matsa ka ƙwanƙwasa, bulon siminti ne, kwano kuma yana ɓoye a bayan rawanin ginin.

Sha'awar tana da kyau, kuma ba abin rainawa ba ce. Mutumin da ya ce yana son gidansa ya yi kama da na kakansa ya fi wanda ke jin kunyar inda ya fito. Sai dai ranar da watan Afrilu ya tsaya, zafi ya haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, maigidan kan gane cewa fuskar gidan kakansa kawai ya ɗauko. Sanyin ɗakin bai biyo shi ba.

Me ya sa aka guji ginin ƙasa tun farko?

Babu wanda ya bar ginin ƙasa don wauta. Gida ne mai neman kulawa kowace shekara. Kafin damina sai an hau an duba rufi, an toshe tsaga, an sake yaɓe. Shekarar da maigida ya yi sakaci, ko rashin lafiya ta kwantar da shi, ko ya daɗe a cirani, ruwan watan Agusta ba ya jira. Kusan kowace damina sai an ji labarin gidajen ƙasa da suka rufta a ƙauyukan Kano da Jigawa, wani lokacin har da asarar rai.

Ga kuma maganar mutunci. A idon mutane da yawa ginin ƙasa ya zama shaidar babu. Saurayin da ke neman aure ya san irin kallon da dangin amarya za su yi wa ɗakin da za a jera kayan 'yarsu, kuma ya san ɗakin siminti da kwano da tayil ne ke rufe baki.

Amma a Makoɗa akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba, shi ne ƙasar kanta. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da sama da mutum 220,000 a faɗin murabba'in kilomita 441, wato kusan mutum 500 a kowace murabba'in kilomita, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa suke yi. Irin wannan cunkoso na manoma a kewayen Kano shi ne abin da masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Michael Mortimore, ya fara nazari a kai tun shekarun 1960: gona na manne da gona, ana nomawa kowace shekara ba hutu, taki ne kawai ke riƙe da ita.

A wuri irin wannan, ƙasar gini ba kyauta ba ce. Duk ramin da aka haƙa don buga tubali, wani yanki ne na gonar wani ko filin gari. Kududdufan da ke bayan tsofaffin garuruwa, waɗanda ke tara ruwa da sauro da damina, su ne inda aka ɗebo gidajen garin. Ƙari a kan haka, ƙasar arewacin Kano jigawa ta fi yawa a cikinta, kuma rairayi zalla ba ya yin tubali, sai an nemo mai yumɓu.

Gidan da sana'o'i da yawa suka gina

Duk mai son ya kwaikwayi ginin Hausa ya kamata ya fara sanin abin da yake kwaikwaya, domin babu wani abu a jikinsa da aka sa don ado kawai.

Bangon da tubali ake yin sa. Ana cuɗa ƙasa da ruwa da ciyawa, a tattake ta, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, sannan a mulmula ta da hannu, gindi faffaɗa, kai a tsuke, a shanya a rana. Magini yana zaune a kan bango, lebura na jefo masa tubali ɗaya bayan ɗaya yana jerawa, kai yana kallon sama, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon kan fara da kauri a ƙasa, kamu ɗaya ko fiye, yana sirancewa yana hawa.

Wannan kaurin shi ne sirrin sanyin soro. Ƙasa tana shan zafi a hankali. Kafin zafin rana ya ratsa bangon ya isa ciki, yamma ta yi. Da hunturu kuma, ɗumin da bango ya sha da rana shi yake saki da dare. Bulon siminti mai inci tara, balle mai inci shida, rami ne a cikinsa, ba shi da jikin da zai riƙe zafi haka. Idan aka haɗa shi da kwano ba tare da silin mai kyau ba, ɗakin ya zama tanda, ga wutar lantarkin da za ta juya fanka ba ta da tabbas.

Rufin kuwa azara ce, wadda ake tsagowa daga itacen giginya. An zaɓe ta ne saboda gara ba ta cin ta da sauƙi, kuma takan shekara da shekaru ba ta ruɓe ba. Matsalarta ɗaya: ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida. Wannan iyakar ce ta haifar da gwanintar maginan Hausa. Don su rufe ɗaki mai faɗi, sai suka riƙa fito da azara daga bango hawa-hawa, suna ɗaure ta, suna lulluɓe ta da ƙasa, har ta haɗu a tsakiya ta zama baka. Baka guda da ya ratsa ɗaki shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna suka ɗauki rufi mai tulluwa, an samu ɗaurin guga, irin wanda ke sa baƙo ya ɗaga kai ya yi shiru idan ya shiga zaurukan Gidan Rumfa ko Gidan Makama a Kano.

Sai maganar kare ginin daga ruwa. Talaka makuba yake amfani da ita, wato ɓawon 'ya'yan ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasar shafe da ruwansa. Da ruwan makuba kuma mata ke yin daɓe. Masu hali kuwa laso suke sawa a rufi, wanda ake haɗawa da katsi daga ramin marina, da gashin awaki daga wurin majema, da dafara mai yauƙi. Indararo kuma aikinsa ya jefa ruwan rufi nesa da gindin bango.

Zanko ma, da a yau ake ɗorawa don kyau, yana da aikinsa. Yana ƙara wa kusurwa nauyi, yana karɓar dukan ruwa kafin ya ci bangon, kuma tsofaffin magina kan ce a nan ake rataya igiya idan za a hau gyara.

Idan aka lura, gida guda ya dogara da mai saran giginya, da marini, da majemi, da bishiyar ɗorawar da ke gona. Marina ta mutu a yawancin ƙauyuka, katsi ya tafi tare da ita. Giginya ta yi ƙaranci, wadda ta rage ma ana sare ta tun ba ta ƙosa ba, azarar da ake samu ba ta kai ta da ƙwari ba. A yankin da hamada ke matsowa har ana dasa itatuwa don tare ta, ba wanda zai ba da shawarar a ƙara sare manyan bishiyoyi don rufin ɗaki. Saboda haka ko da mutum ya so ya gina soro sak irin na 1950, kayan aikin ba su nan.

Kuma a faɗi gaskiya, tsohon ɗakin yana da nasa aibin. Tagoginsa ƙanana ne, ciki duhu, iska ba ta wadata. A tsakiyar bazara da dare bangon kan dawo da zafin da ya sha, shi ya sa kwanan tsakar gida ba yau aka fara shi ba.

Kuskuren da ya fi rusa gidaje

Hanyar da mutane suka fi bi wajen haɗa tsoho da sabo ita ce mafi arha a ido: a yi ginin ƙasa, a yi masa filastar siminti. Shekarar farko gida fes. Bayan damina biyu ko uku sai ka ji bango na amsawa kamar ganga idan an ƙwanƙwasa.

Dalilin shi ne ƙasa da siminti ba sa tafiya tare. Ƙasa tana shan laima tana fitarwa, tana kumbura tana motsewa. Siminti kuwa sandararre ne, ba ya bin ta. Ƙaramar tsaga ta isa ruwa ya shiga bayan filastar, kuma idan ya shiga ba shi da hanyar fita. Bangon na jiƙewa a ɓoye, gara na samun mafaka, maigida kuma ba ya ganin komai domin fuskar na nan lafiya. Da yaɓen ƙasa ne, da tuni ya ga inda ruwa ya ci ya gyara. Sai ranar da filastar ta ɓamɓaro faifai guda, ko bangon ya zauna gaba ɗaya.

Wasu birkiloli kan kafa ƙusoshi ko su shimfiɗa ragar waya a jikin bangon kafin filasta don ta kama. Hakan na jinkirta ɓamɓarewa, amma bai hana laimar da ke tasowa daga ƙasa ba idan harsashin ginin ma na ƙasa ne.

Darasin Zariya

Babu ginin da ya nuna iyakar gwanintar maginan Hausa kamar Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Masu nazarin gine-gine daga ƙasashe da dama sun zo sun auna bakunansa. Ɗaya daga cikinsu, Zbigniew Dmochowski ɗan ƙasar Foland, ya yi silar gina kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 an kewaye tsohon ginin da sabon gini na zamani, aka bar na ƙasar a ciki.

Ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023, wani sashe na masallacin ya rufta ana tsaka da sallar La'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Sarkin Zazzau Ahmed Nuhu Bamalli ya shaida wa manema labarai cewa kwana guda kafin nan an lura da tsaga a jikin ginin, ana shirin kawo injiniyoyi su duba.

Ginin ƙasa da azara ya tsaya kusan shekara 190 yana ɗaukar jama'a, wanda ba kowane ginin siminti na yau zai yi alkawarin haka ba. Amma kuma abin da ya faru ya tuna wa kowa cewa rufin ƙasa nauyi ne da shi, kuma tsaga a jikinsa ba abin da za a ce a bari sai an samu sarari ba ne. Mai son ɗaurin guga a ɗakin da 'ya'yansa za su kwana dole ya riƙe wannan a ransa.

Abin da aka gwada a Nijar

Amsar da ta fi kusa da abin da magidancin Makoɗa ke nema tana tsallaken iyaka, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, cikin Hausawa 'yan'uwa.

A garin Yama, wani magini kuma manomi mai suna Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, jama'ar gari suna taimakawa, wani ya kawo ruwa, wani ya buga tubali. Daga baya ya ƙara masa ƙubba da hasumiyoyi huɗu. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fannin a duniya.

Shekaru bayan haka, a ƙauyen Dandaji, jama'a suka buƙaci sabon masallaci domin tsohon na ƙasa ya lalace kuma ya yi musu kaɗan. Masu zanen gine-gine biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka ba da shawarar kada a rushe tsohon. Aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci mai ɗaukar kimanin mutum 1,000 a gefensa. An kammala aikin, wanda aka sa wa suna Hikma, a 2018. Sunan da Mariam ta sa wa kamfaninta lokacin da ta kafa shi ma Bahaushe ne: Masomi.

Abin lura a Dandaji shi ne yadda aka raba aiki. Ba tubalin hannu aka yi amfani da shi a sabon ginin ba, bulon jar ƙasa ne da ake matsewa da inji. Kankare ya shiga inda ake buƙatar ƙarfi, ƙasa ta riƙe jikin ginin. Sannan an gayyato tsofaffin maginan yankin suka yi aikin tare da masu ilimin zamani, kowa ya koyi wani abu a wurin ɗan'uwansa.

Kafin nan, a 2016, Mariam da abokan aikinta sun gina gidaje shida masu bene a birnin Yamai da irin wannan bulo, aikin da aka sani da Niamey 2000, inda suka ɗauki darasi daga tsarin tsofaffin birane irin su Kano da Damagaram. Abin da ya sa aikin ya ja hankali shi ne gidajen kwana ne na masu matsakaicin hali, ba masallaci ko gidan tarihi ba. Kuma babu zanko ko ɗaya da aka ɗora don burgewa.

To, yaya mai gini a Koguna zai yi?

Idan aka tattara waɗannan, shawarar da ke fitowa ita ce a ba siminti aikin da ya fi ƙasa iyawa, a bar wa ƙasa nata.

Siminti ya fi ƙasa a wurin da ruwa yake. Harsashi, wanda birkiloli ke kira fandisho, ya zama na dutse ko kankare, a ɗaga shi sama da inda ruwan damina ke kwanciya, a shimfiɗa leda mai kauri kafin a fara jera bulo don laima kada ta hau. A saman bango kuma a zagaya da linta ta rodi da kankare wadda za ta ɗaure ginin ta ɗauki nauyin rufi. Banɗaki da wurin wanke-wanke su ma na siminti ne.

Jikin bangon shi ne na ƙasa. Bulon da ake matsewa da inji ana zuba masa siminti kaɗan, kimanin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, don ruwa kada ya narkar da shi. A nan ne jigawar arewacin Kano, wadda ba ta yin tubali mai kyau, ke zama alheri, domin siminti ya fi kama ƙasa mai rairayi da ɗan yumɓu fiye da laka zalla. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida: a zuba ƙasar a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye ta kwana. Tsakuwa da rairayi za su kwanta a ƙasa, yumɓu a sama, sai a ga yawan kowanne da ido. Wannan somin taɓi ne kawai, kafin a buga dubban bulo ya kamata a buga kaɗan a jiƙa su a ga yadda za su yi.

Injin ba sai an yi odarsa daga waje ba. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera injinan matse bulon ƙasa, har da mai fitar da bulon da ke sarƙe juna ba sai an sa kwaɓi mai yawa ba. Akwai na hannu da ba ya buƙatar mai ko lantarki. Abin da ya rage shi ne injin ya iso ƙauye. Gidajen bulon siminti suna kowace kwana, mai neman bulon ƙasa kuwa sai ya yi cigiya. Inji guda a hannun ƙungiyar matasa ko ta manoma zai iya zagaya gari da gari, kamar yadda injin casa ke yi da kaka.

Maganar kuɗi ba ta da amsa ɗaya. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har sai da Ministan Ayyuka David Umahi ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu, aka amince a sayar tsakanin naira 7,000 zuwa 8,000. Duk abin da ya rage yawan buhunan da gida zai ci sauƙi ne. Bango mai kyau na bulon ƙasa ba ya ma buƙatar filasta da fenti a waje. Amma idan sai an yi hayar tifa ta kawo ƙasar daga nesa, ko bango ya yi kauri sosai, ribar na iya tafiya a hanya. Wanda ya ce maka ginin ƙasa kullum ya fi arha bai yi lissafin lebura da ruwa ba.

Rufi ne ya fi wuya, tunda azara ta yi ƙaranci. Dakin na kankare yana da tsada, yana kuma ɗaukar zafi. Mafi yawan mutane kwano za su sa, kuma babu laifi idan an yi shi da tunani. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya nuna hanya tun a makarantar da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001: ya yi silin na bulon ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da shi sosai, iska na wucewa tsakani tana kwashe zafin. A Nijar kuma tun shekarun 1980 ake koya wa magina yin ƙubba da rufi mai lanƙwasa da bulon ƙasa zalla, ba itace ko ɗaya.

Shi kuwa mai son ɓoye kwano a bayan rawani, don gidan ya fito da siffar soro, yana da riba guda: iskar farkon damina da ke yaye rufin gidaje ba ta samun bakin kwanon ta kama. Haɗarinsa shi ne ruwan da ke taruwa a bayan rawanin. Idan magudanar ta yi ƙunci, ko ganye da leda suka toshe ta, ruwan cikin bango zai bi. A nan indararo ya dawo da aikinsa na asali, kuma gara a yi shi faffaɗa mai tsawo ko da bai yi kyau a hoto ba.

Zaure ba ya cin siminti fiye da falo

Akwai wani ɓangare na gidan Hausa da ba ruwansa da ƙasa ko siminti, kuma shi ne aka fi saurin zubarwa: tsarinsa.

Fulan ɗin da ake kwafowa daga birni yakan haɗa falo da ɗakuna da kicin a ƙarƙashin rufi guda, ƙofa ta buɗe kai tsaye cikin iyali. A ƙauye sai a ga bai zauna ba. Baƙo namiji ya zo, babu inda za a sauke shi sai a kan benci a waje. Almajirai da masu gaisuwar makoki babu wurin zama. Matar gida da ke girki da itace ba za ta yi shi a kicin ɗin tayil ba, sai ta koma bayan gida ta kafa murhu a rana.

Tsohon tsari ya riga ya warware waɗannan. Zaure ne ofishin maigida da masaukin baƙonsa, a nan ake karatun dare, a nan ake sasanta rigima. Ƙofofinsa ba sa kallon juna, don mai wucewa kada ya hango ciki. Daga nan sai ƙofar gida, inda samari ke da ɗakinsu, sai shigifa, sannan cikin gida, inda tsakar gida ke ba mata sararin daka da shanya da sana'a ba tare da takura ba. Ga wurin rumbu, ga turken awaki, waɗanda takinsu ke komawa gona.

Filaye sun tsuke, ba kowa ke da sararin yin duk waɗannan ba. Amma ƙaramin zaure da tsakar gida mai bishiya guda, darbejiya ko mangwaro, ba su fi ƙarfin mai fuloti ɗaya ba. Gidan bulon siminti mai zaure da tsakar gida ya fi kusa da gidan Hausa fiye da falo mai zankwaye goma sha biyu.

Wa zai yi aikin?

Maginan da suka iya ɗaura baka da azara sun manyanta, da yawa sun kwanta dama. A da sana'ar gado ce, tana da Sarkin Magina, yaro na farawa da miƙa tubali har ya kai ga hawa bango. 'Ya'yansu da suka tsaya a harkar gini birkiloli suka zama, sun iya igiya da ma'aunin ruwa da jera bulo a miƙe, amma ba su taɓa jin ƙasa a tafin hannu sun ce wannan za ta yi, waccan ba za ta yi ba. Su kuma tsofaffin ba su saba da rodi da awon siminti ba. Sabon ginin na buƙatar su duka biyu a wuri guda, kamar yadda aka yi a Dandaji, kuma maigidan da ya haɗa su ya shirya jin gardama.

Lokaci ma yana da nasa hukuncin. Bulon ƙasa mai siminti ba a buga shi yau a hau da shi gobe. Sai an lulluɓe shi da leda ana yayyafa masa ruwa, ya yi kimanin mako huɗu kafin ya yi ƙwari, kuma ruwan nan a tsakiyar rani ba kowane gari ke da shi a yalwace ba, in ban da waɗanda ke kusa da fadama ko madatsar Tomas. Wanda ke son ya tare kafin ruwan farko, tun Nuwamba ko Disamba ya kamata ya fara tara ƙasa. Wanda ya bari har Afrilu, sai dai ya rufe bulonsa ya koma gona, ya jira wata kakar.